Ƙuri'ar da Aka Bari a Ɗaure

Akwai wani saurayi mai suna Gyamfi, marubucin manhajar kwamfuta, da ya yi aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haya a saman benena a Ayeduase, nan Kumasi. Ni ina zaune a ƙasa. Wani abin na gani da idona, wani kuma na ji daga bakin waɗanda ya shafa bayan komai ya wuce. Na jera shi yadda ya faru, ban ƙara masa gishiri ba.

Mahaifiyar Gyamfi, Maame Fosuaa, ita ce shugabar ƙungiyar manoman koko na cakulan a Kwaemu da ƙauyukan da ke kewaye da shi, can Ahafo. Ƙungiyar tana da hatimin shaida daga masu saye na Turai, wanda ke nuna cewa kokonsu ba a dajin da aka hana sara aka noma shi ba. Shekaru ta yi tana bin gonaki da ƙafa, tana rarrashin wannan tana faɗa da wancan, kafin su samu hatimin. Da shi kokonsu ya fi na maƙwabta daraja, da shi kuma ake ganin girmanta.

Sai masu saye suka zo da sabon sharaɗi. Suna so a san gonar da kowane buhu ya fito, a rubuta shi a sarƙar bayanai da ake kira bulokcen, inda kowa zai iya dubawa, kuma abin da ya shiga ba ya goguwa.

Maame Fosuaa ta miƙe a taron manoma ta ce a ba kamfanin da ɗanta yake wannan aiki. Wani dattijo, Agya Boadu, wanda ya daɗe yana hangen kujerarta, ya ce shi bai yarda a miƙa gumin shekara ga yaran da ba su taɓa fasa koko da adda ba.

Ta dube shi ta ce, "Agya, in abin ya lalace kada ku nemi kowa. Ni za ku kama, in sauka daga kujerar nan."

Kowa ya ji. Agya Boadu ya gyara mayafinsa ya zauna.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda yaran suka yi ta maimaita min har na gane. Kowane manomi za a ba shi kati. A cikin katin akwai makullinsa na sirri, wato wata lamba mai tsawon gaske da kwamfuta ke zaɓa ta hanyar jefa ƙuri'a. Daga makullin ake fitar da adireshinsa, jerin haruffa da lambobi da ake bugawa a bayan katin. Duk buhun da aka auna, manomi ya taɓa katinsa a wayar ma'auni, buhun ya shiga sarƙar a ƙarƙashin adireshinsa. Taɓawar nan ita ce sa hannunsa, ba mai musunta.

Amanar abin gaba ɗaya tana kan ƙuri'ar. Lambobin da za a iya zaɓa suna da yawan da, in dai ƙuri'ar ta gaskiya ce, mutum biyu ba za su taɓa dacewa da makulli ɗaya ba. Shi ya sa ba wanda ya damu ya rubuta abin da zai tambaya ko an riga an ba wani wannan adireshin.

Mutum biyu ke riƙe da wannan sashe. Gyamfi ya rubuta mai tantance adireshi, wanda ke ƙirga tsawonsa, ya duba haruffansa, ya yi lissafin da ke kama ko harafi ɗaya aka kuskure. Ato Bentsil, Bafante daga Cape Coast, shi ya rubuta mai ƙera makullai.

Ɗaki ɗaya suka kwana a jami'a, kwano ɗaya suka sha garin rogo. Ato ya tafi Turai ya ƙaro karatu, ya dawo da wani irin Turanci da ke fita ta hanci. Mai kamfanin, Madam Konadu, ta karɓe aikin makullai daga hannun Gyamfi, wanda shi ya fara shi, ta miƙa wa Ato. Daga ranar ban sake ganinsu sun sauko cin abinci tare ba.

Masu wannan sana'a suna da wata al'ada da na girmama tun ranar da na ji ta. Ba mai shigar da rubutunsa cikin manhaja da kansa. Sai wani ya karanta shi layi layi, ya rubuta gyara a gefe, in ya gamsu ya sa hannu. Abin da aka rubuta a gefen kuwa, kowa a ofis yana gani. A makarantar mishan da na yi, Fada yakan sa mu musanya alluna mu duba lissafin juna, kuma in ya sami kuskure, wanda ya duba yake fara zanewa. A lokacin mun ɗauka mugunta ce kawai.

Gyamfi ke duba na Ato, Ato ke duba na Gyamfi.

Ato ya mai da gefen shafin nan dandalin wasa. Yakan mayar wa Gyamfi da aikinsa don waƙafi ɗaya, ko don tazara ta yi yawa tsakanin kalmomi. Wata rana ya rubuta, inda kowa zai gani, cewa wannan ba rubutun manhaja ba ne, sharar gona ce, a ba marubucin adda ya koma Ahafo. Dariyar da aka yi har ƙasa na ji ta.

Da rana suka haɗu a matakalar bene, ina zaune a barandata. Ato na hawa da ledar waakye, wato wake da shinkafa, a hannu, Gyamfi na saukowa.

"Manomi, ka gyara abin nan, ko sai bayan girbi?" in ji Ato.

"Na gyara, Bature. Saura kai ka koyi cin fufu da hannu. Jiya na gan ka da cokali, mai abincin har ta tausaya wa uwarka."

"Cale, abokina, ka bar zancen uwaye," in ji Ato, yana murmushi. "Taka ce ta kawo mana aikin nan, shi ya sa har yau kake da kujera a sama. Kowa ya sani, kunyarka kawai ake ji."

Gyamfi ya wuce shi ya sauko. Na ce masa ɗana, zo ka sha ruwa. Ya ce min, Papa, ba ya jin ƙishi, ya fice.

A wannan tsakanin Madam Konadu ta sanar cewa kafin a saki manhajar za a yi babban zama, a gwada komai a gaban kowa, kuma a ranar za ta naɗa shugaban marubuta. Ba a faɗi suna ba, amma kowa ya san tsakanin mutum biyun nan ne.

To, akwai wata dabara da suke yi lokacin gwaji. Tun da ƙuri'a kullum daban take faɗuwa, ba a iya kwatanta sakamakon yau da na jiya. Sai su ɗaure ta da layi ɗaya, ta riƙa fitar da makullai iri ɗaya a jere ɗaya duk sanda aka kunna. Na farko kullum shi ne na farko, na biyu kullum shi ne na biyu. Adireshin farkon nan sun gan shi a fuskar kwamfuta har sun haddace shi kamar lambar wayarsu. In an gama gwaji sai a cire layin, ƙuri'a ta kwance.

Ato ya gama aikinsa ya tura don a duba. Ya manta bai cire layin ba.

Gyamfi ya gan shi tun karatun farko. Ya ɗora yatsunsa zai rubuta gyara, sai ya dakata. In ya rubuta, Ato zai cire layin kafin shayi ya huce, ya ce na gode manomi, gobe ba mai tunawa. Amma in layin ya kai ranar babban zama, shi zai ɗaga hannu a gaban Madam, ya ɗauki wayoyi biyu, ya fitar da kati biyu masu adireshi ɗaya, ya ajiye su a kan tebur. In aka tambaye shi sa hannunsa, sai ya ce don tsananin kula ya sake komawa ya karanta, shi ne ya gano.

Ya janye yatsunsa daga wurin gyara. Ya sa hannu.

Ato ya leƙo ta saman kwamfutarsa. "Yau ba ko ƙorafi ɗaya? Maigida, ka gane abin da ka karanta kuwa, ko dangwala yatsa kawai ka yi irin na ƙauye?"

"Na gane sarai," in ji Gyamfi.

An daɗe da tsayar da ranar jana'izar kawunsa, Wofa Dwomo, wan mahaifiyarsa, kuma ta faɗo kafin babban zaman. Gyamfi ya ɗauki baƙin mayafinsa ya hau mota zuwa Kwaemu, hankalinsa kwance, yana ƙirga abin da zai faɗa in ya dawo.

Yana tafiya aka buɗe kakar sayen koko da wuri fiye da yadda aka zata. Masu saye suka matsa. Madam Konadu ta duba, ta ga kowane sashe an karanta an sa hannu, ta ɗage zaman, ta saki manhajar ga wakilai masu yi wa manoma kati. Ba na Ahafo kaɗai ba, har da na wasu ƙungiyoyi can yamma, kusa da bakin daji, waɗanda ba su da hatimi tukuna. Ta rubuta sanarwa a zauren ofis na waya. Kwaemu kuwa saƙo ba ya shiga sai an hau tudun coci, Gyamfi bai gani ba.

Wakilin da aka tura Kwaemu mai wayo ne. Ya san ranar Asabar ta jana'iza ba manomin da zai kasance a gona, sai ya kafa teburinsa a gindin mangwaro, nesa kaɗan da rumfunan makoki.

Gyamfi na zaune a sahun dangi, baƙi na bi suna gaisawa daga dama zuwa hagu, ganguna na tashi. Sai ga mahaifiyarsa, cikin ja da baƙi, idanunta sun kumbura don kukan ɗan'uwanta. Amma da ta iso gare shi akwai ɗan haske a fuskarta. Ta kwance bakin zanenta ta ciro kati.

"Kwaku, dubi aikinka," ta ce, da sunan da ita kaɗai ke kiransa. "Ni aka fara ba, tun da ni ce shugaba. Agya Boadu yana bayana a layi, fuskar nan kamar ya sha maɗaci."

Ya karɓa ya juya bayan katin. Bai buƙaci ya karanta har ƙarshe ba. Adireshin gwaji ne, na farkon nan da ya haddace. Nan take ya san cewa duk inda wakili ya kunna waya a ƙasar nan, manomin farko da ya tsaya a gabansa wannan makullin ya samu, na biyu ya samu irin na Agya Boadu, haka har ƙarshen layi.

Ya mayar mata da katin ya ce zai je ya sha ruwa.

Ya bi ta bayan gidaje ya hau tudun coci. Saƙonni suka shigo, ya ga sanarwar Madam. Ya nemo lambarta, babban yatsansa a kanta. Da ya kira a lokacin, ba mai zarginsa da komai, domin duk wanda ke ofishin nan zai gane adireshin da kallo ɗaya. Da an tsayar da wakilai kafin la'asar, an sake buga katunan, magana ta mutu.

Abin da ya hana shi kiran ke nan. A zuci ya hango Ato zaune ranar Asabar yana cire layi ɗaya, Madam tana yaba masa saurin gyara. Ya ce a ransa, yanzu ma abin ya fi daɗi, ba katin gwaji ba ne, katin mutane ne, wannan Bature ba zai tsallake ta ba. Awo ba zai fara ba sai mako mai zuwa, shi kuwa Litinin yana Kumasi.

Ya mai da wayar cikin mayafi ya sauko ya ci gaba da karɓar gaisuwa.

Litinin ba ta same shi a Kumasi ba. Dangi suka zauna don naɗa magajin mamaci, kuma tun da a al'adarsu ta wajen uwa ake gado, shi kuwa ɗan 'yar'uwa ne, shi aka nuna. Aka ba shi riƙon gonar dangi da Wofa Dwomo ya bari. Wanda aka naɗa ba ya tashi ya tafi, akwai zagayen godiya gida gida, akwai kai shi gona a nuna masa iyaka. Yana cikin wannan aka rataye sikeli a rumfar ƙungiya, domin mutane na buƙatar sayarwa bayan hidimar jana'iza.

Ya tsaya daga nesa yana kallon mahaifiyarsa tana taɓa katinta a wayar ma'auni, buhu bayan buhu. A nan ba ƙiyayya ce ta rufe masa baki ba, tsoro ne. In ya yi magana yanzu, za a tambaye shi me ya sa bai yi ranar Asabar ba.

Masu saye ba su jira kowa ya kawo musu rahoto ba. Sarƙar a buɗe take, abin da aka tallata musu ke nan. Mai bincikensu ya duba daga teburinsa a Turai, ya ga adireshi ɗaya mai sunan Fosuaa, shugabar ƙungiya, yana sayar da kokon da gonarta ba za ta iya bayarwa ba ko a shekara uku. Ya ga buhunan sun fito daga ƙauyuka da dama, wasu daga can bakin dajin da aka hana. Kowane buhu kuma da sa hannun makullinta.

Ya san wannan hoton, ya sha ganinsa. Haka masu satar hanya ke yi, su shigar da kokon daji da sunan mai hatimi. Aka dakatar da hatimin ƙungiyar, aka ambaci sunanta a matsayin wadda ake zargi.

Ranar da Gyamfi ya dawo, da jakarsa ya hau bene. Ya tarar da ofis a tsaye. Ato bai yi aski ba, idanunsa ja, yana ta hawa da sauka a cikin rubutun. Yana ganin Gyamfi ya nuna shi da yatsa.

"Ga shi nan. Madam, mai tantancewarsa ne. Adireshi ɗaya ya wuce ta gabansa sau nawa, yana cewa lafiya lau. Na faɗa tun farko, aikin gona ne."

"Mai tantancewata yana duba ko adireshi ya cika ƙa'ida ne," in ji Gyamfi. "Kuma ya cika. Ba shi ya haifi tagwaye ba. Matsa."

Ya ture kujerar Ato, ya jawo allon rubutu, ya buɗe sashen makullai, ya gangara kai tsaye ya tsaya a kan layin. Ya juya fuskar kwamfutar ga kowa.

"Ga Turai," ya ce. "Ga abin da aka je aka karanto. Ƙuri'a a ɗaure. Yaron da ya fara koyo jiya ba zai bar wannan ba."

Abin da Gyamfi ya yi ta mafarki ke nan, kuma ya samu. Ato ya dubi layin, ya dafe kansa da hannu biyu, ya daɗe a haka. Sai ya ɗago a hankali.

"Ni na rubuta shi, kuma tun jiya nake nema ban gani ba," ya ce. "Kai daga tasha kake, ko jaka ba ka ajiye ba. Ba ka nema ba, ka je ne kamar mai zuwa gidansu."

"Don na fi ka iya karatu."

"Ka ce min ka gane sarai. Ran da ka sa hannu. Na tuna."

Madam Konadu ba mai ɗaga murya ba ce. Ta ce wa Gyamfi sa hannunsa ne a ƙarƙashin aikin, don haka ɗayan biyu ne: ko bai karanta ba ya sa, ko ya karanta ya gani ya sa. Ya zaɓi ɗaya.

Ya ce bai karanta da kyau ba, hankalinsa na kan jana'iza.

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta ce to, su biyun za su bi ta Kwaemu su yi wa manoma bayani da bakinsu.

An cire layin a ranar. An rubuta wa masu saye, sun yarda kuskuren manhaja ne, sun janye zargin sata. Amma hatimin ba su mayar ba. Suka ce buhunan da suka riga suka shiga ba mai iya rabe na wane da na wane, abin da aka rubuta a sarƙar kuma ba ya goguwa. Sai wata kakar, bayan sabon bincike.

A rumfar ƙungiya ba a ba baƙin kujera ba. Manoma sun cika wurin, wasu da addunansu daga gona. Madam ta fara bayani, aka katse ta. Wata mata ta ce ita ba ta san ƙuri'a ba, ta san dai an ce kokonta na daji ne, ita da ko itacen girki ba ta taɓa sarowa a can ba.

Ato ya fito gaba. Ya cire takalmansa, ya ɗora bayan hannun dama a tafin hagu, ya durƙusa a kan ƙasa da wandonsa mai tsada. Ya ce shi ya bar layin, laifinsa ne, su yi masa abin da suka ga dama. Wani ya ce a ɗaga Bafanten nan kada ya ɓata musu ƙasa. Bai tashi ba sai da Maame Fosuaa ta ce ya tashi.

Gyamfi yana tsaye a gefe, hannu a aljihu.

Agya Boadu ya miƙe, ya gyara mayafi a kafaɗa. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce shi tsoho ne, yana mantuwa, ko akwai wanda zai tuna masa abin da shugaba ta ce za ta yi in abin ya lalace.

"Ba sai an tuna maka ba, Agya," in ji ta.

Ta tashi daga kujerar, ta zagaya ta zauna a benci cikin mata. Ba wanda ya ce ta dawo.

Bayan an watse, Gyamfi ya same ta a tsakar gida tana juya koko a kan tabarmar shanya, tana tsince waɗanda suka lalace. Rana na dukan bayanta. Ya fara cewa kada ta damu, an riga an san mai laifi, za a kori Ato, wata kakar komai zai dawo.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ranar jana'izar kawunka na nuna maka katina. Ka juya bayansa, fuskarka ta mutu, ka ce za ka sha ruwa. Randa tana nan kusa da kai. Tudun coci ka hau, an gan ka."

"Maame, Ato ne ya..."

"Ban tambaye ka Ato ba. Ato na gan shi a ƙasa. Kai nake tambaya, Kwaku. Ka sani?"

Kaji na tsattsagar ƙasa a ƙarƙashin tabarmar. Daga baya ya ce ba ita ya nufa ba. Ya ce mutumin nan ya wulaƙanta shi a gaban kowa, ya kira shi manomi, ya ce albarkacinta yake ci. Shi dai so ya yi ya faɗi, sau ɗaya, a gaban mutane.

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi.

"Manomi zagi ne?" ta ce. "To. Shi ka so ya faɗi. Ka ga ni ce a gaban layi, ba ka ce min in matsa ba."

Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta kwance bakin zanenta ta ciro katin ta ajiye masa a gefen tabarmar, ta ce ya tafi da abinsa. Ta ce da yamma za ta je wurin shugaban dangi ta gaya masa a sake zama a kan gonar Wofa Dwomo, domin ita ba za ta kwanta da sanin cewa abincin dangi yana hannun wanda zai iya gani ya yi shiru ba. Ta koma tsintar kokonta.

Haka aka yi. Aka ba ɗan ƙanwarta riƙon gonar.

A hanyar dawowa Kumasi Gyamfi ya faɗa wa Madam Konadu gaskiya. Ta ce ta riga ta sani, jira take ta ga ko zai faɗa. Ta sallame shi. Ato ta rage masa matsayi, ta tura shi ƙauyuka ya sake yi wa kowane manomi kati da hannunsa. Ya yi watanni yana bin hanyoyin laka a bayan babur, ana zaginsa yana ba da haƙuri. Na ji an ce yanzu in ya shiga Kwaemu har fufu ake daka masa, kuma da hannu yake ci. Shugaban marubuta kuwa, daga waje aka ɗauko.

Hatimin ya dawo bayan kaka biyu. Agya Boadu ne ya karɓe shi a gaban masu ɗaukar hoto. Maame Fosuaa tana can baya a benci.

Gyamfi ya zo wata rana ɗaukar sauran kayansa. Ya tsaya a barandata, na ba shi ruwa, wannan karon ya sha. Da ya buɗe walat zai ba mai tasi kuɗi, na hango katin a ciki, gefensa ya fara cinyewa. Na tambaye shi lafiyar Maame. Ya ce tana lafiya, takan amsa gaisuwarsa a waya. Sannan ya ce, Papa, Gyamfi take ce min yanzu, kamar kowa.

Darasi: Idan aka ba ka amanar duba aikin wani, ba shi kake yi wa hidima ba, mutanen da za su dogara da aikin kake tsarewa. Kuskuren da ka gani ka rufe baki don maƙiyinka ya ji kunya ya zama naka tun daga lokacin, kuma ba kai za ka zaɓi wanda zai fara cutarwa ba. Wanda ya yi kuskure ya durƙusa, mutane na iya yafe masa. Wanda ya gani ya zauna yana jira, ko uwarsa sai ta sake masa kallo. Ku tura wannan ga duk wanda ke aiki tare da mutumin da ba ya ƙauna, wataƙila ya buɗe baki tun da sauran lokaci.